Shekarar Tatsar Kumurci

Zeinabu ce ta jawo wannan babin. Ta dawo daga wani biki a Agadas, ko mayafi ba ta cire ba ta zauna a bakin tabarmata, ta ce wata dattijuwa ta saki hannunta ana tsakar gaisawa da ta ji sunan ubanta, ta ambaci wani Agali. Ta ce, "Baba, wane ne Agali? Me ka yi masa?" Na ce ta ba ni kwana biyu. Kwana biyun nan sun zama wata huɗu, don na san halina. In da baki zan faɗa, zan yi ta gyara labarin har in fito fes. To ga shi a rubuce, Zeinabu, ke da ƙannenki. Masu cewa na sayar da mutum ga soja ba su faɗi daidai ba. Innarku da take cewa ba ni da laifi ko kaɗan, ita ma son mijinta ne ya rufe mata ido.

Shekarar da nake magana a kai, Arlit ba ta cikin hayyacinta. Farashin uraniyom ya karye, kamfanin da nake wa aiki yana ta rage ma'aikata, da safe sai ka ga kar ɗin, wato bas ɗin da ke kai mutane mahaƙa, ya wuce rabin kujerunsa ba kowa. Fari ya riga ya gama da dabbobin mutanen daji, sun taru a gefen gari cikin bukkokin kwali da tsohon langa-langa. Ana cikin haka tawaye ya tashi a duwatsun Abzin. Ni mutumin Damagaram ne, ina aiki a labo na asibitin kamfani, inda ake auna jini da fitsari, ana ce mini Majo, laƙabin babban ma'aikacin jinya, ko da yake ban kai matsayin ba. In ka fito daga kudu irina, Abzinawa suna ganin kunnen soja ne kai. In kai Ba'abzine ne, mu kuma muna ganin kana da ɗan'uwa a dutse. Mai shayi ma sai ya duba waɗanda ke kan bencinsa kafin ya kunna rediyo. Ni kuwa dama Allah ya yi ni mai zargi tun ina ƙarami, in aka yi dariya a bayana sai in ɗauka da ni ake. Wannan zamanin sai ya zo mini daidai wuya.

Cikin haka wani Bature ya sauka daga jirgin kamfani da akwatunan kwalabe, aka ce masani ne, dafin kumurci yake so. Shugaban asibiti ya haɗa shi da ni saboda ina jin Faransanci kuma hannuna ba ya rawa. Sunansa ya gagari bakin mutane, aka bar shi a Baturen Macizai. Ran farko na tambaye shi ko maganin sara zai haɗa. Ya ce ba yanzu ba, siffa yake nema. Ya ce cikin dafin akwai wani abu guda wanda shi ne ke tsayar da numfashi: yana zuwa ya zauna daidai wurin da jijiya ke ba tsoka saƙo, ya toshe, sai ƙirjin mutum ya daina ɗagawa alhali yana ji yana gani. Abin ya yi ƙanƙanta, ko madubin labo ɗinmu ba ya ganinsa. Can ƙasarsu za su tace shi, su narka shi a ruwa cikin siririyar kwalba, su sa a cikin wani ƙaton mayen ƙarfe. Injin ba hoto yake ɗauka ba, yana faɗa musu ne wane sashe ke kusa da wane, su kuma su yi ta lissafi har siffar ta fito, kamar a yi ta gaya maka wane maƙwabcin wane ne har ka zana unguwar ba ka taɓa shigarta ba. Na ce me ya sa sai a ruwa? Ya ce ai a cikin ruwan jiki yake ɓarnarsa, a nan suke son ganin yadda yake tsayawa.

Da na kai wa innarku wannan bayani tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta dube ni.

"Siffa? Mutum ya baro ƙasarsu, ya tsallake teku da hamada, don ya ga siffar abin da ba a gani? Malam, anya ka ji Faransancin nan da kyau? Mutanen da ke kwasar ƙasar nan suna haɗa bam da ita, su ne za su tara dafi don kallo?"

Na yi mata dariya, na ce ta bar abin da ba ta sani ba. Amma washegari na fara ƙirga kwalaben Baturen in ya juya baya.

Wanda zai kamo macizan shi ne Agali. Ba'abzine ne, dogo, siriri, ya girme ni da kaɗan. Asalinsu masu lambu ne a wani kwari cikin dutse, fari ya koro shi, ya samu ɗan fili a lambunan bakin gari waɗanda ake shayarwa da ragowar ruwan gidajen kamfani. Danginsu an san su da kama maciji da hannu, kuma ba sa kashewa. Kumurci ba ya zama a rairayin Arlit, sai can cikin kwaruruwa inda akwai rijiyoyi da kwaɗi, tafiyar yini a kamyo, babbar motar kaya. Agali ya yarda zai riƙa kawowa, amma da sharaɗi guda: duk wanda aka tatsa, a mayar da shi inda aka ɗauko shi. Bature ya ɗauka wasa ne, ya ce a sake su ko'ina mana. Agali ya gyara rawaninsa, ya amsa da Hausarsa ta mutanen dutse.

"Ba nawa ba ne, aro ne. Kowane lambu da nashi, kowane rijiya da nashi. In ka ɗauke ba ka maida ba, ɓera ya ci alkama, kuma mai lambu ya san wa ya ɗauke."

Saboda wannan sharaɗin ne na sayi karne, ɗan littafin rubutu, mai bango ja. Kowane maciji na ba shi lamba, na rubuta sunan rijiyar da ya fito, da ranar zuwansa da ranar komawarsa, na kuma maimaita a jikin kwalbar dafinsa. Ina alfahari da tsarin nan ƙwarai. Aikin kansa a wani ɗaki muke yi bayan labo. Kumurci yana tofi a ido, don haka mu duka muna sa gilashin masu walda, Agali ya ɗora nasa a kan rawani, in ka gan shi sai ka yi dariya ko ba ka so. Shi zai danne kan da sanda mai baki biyu, ya kama bayan wuya da yatsu uku, ni in miƙa kofin gilashi da aka ɗame bakinsa da robar safar hannu. Macijin ya sara, dafin ya gangaro rawaya-rawaya. Tsakanin haƙorin da wuyan hannuna bai kai faɗin tafi ba, kuma abin da ya raba su riƙon Agali ne kawai. Sai in shanya dafin cikin tulun gilashi har ya zama gari, in rufe, in sa a firigo ya yi sanyi. In lokacin komawa ya yi, ni nake duba lamba in sa kowane a buhunsa da jiƙaƙƙen tsumma saboda zafi, ni nake ɗaure baki. Da rana akushi ɗaya muke ci. Innarku ta aiko tuwo, shi ya fito da cuku da dabino, ya dafa shayin da sai ka yi yini ba ka ji barci ba.

Da aka fara tare motoci a hanyar Agadas, aka kira Bature gida. Ya bar mini wasiƙa mai hatimi, ya ce mu ci gaba, in riƙa aika garin ta jirgin kamfani. Soja suka kafa shinge a bakin gari, duk wanda ya nufi dutse sai an zazzage kayansa, har buhun gero ana soka masa tsinke. Wata rana muna cin abinci Agali yake ba ni labari yana dariya.

"Majo, sojan nan ya ce buɗe. Na ce to, amma ka ja baya, wannan mai tofi ne. Buhu ya motsa. Wallahi har bindiga ya faɗi. Yanzu in sun gan ni daga nesa suke ɗaga sanda."

Na taya shi dariya. Na ce a raina, ashe duk garin nan akwai mutum ɗaya da ke shiga dutse da buhuna ba wanda ke dubawa. Daga ranar na fara lura da shi: wa ya gaisa da shi a ƙofar asibiti, me ya sa ya ƙara kwana a tafiyar da ta wuce, me suke faɗa da Tamajak, yarensu, shi da direban kamyo. Ban ga komai ba. Rashin ganin sai ya ƙara tabbatar mini cewa mutumin ya iya ɓoyo.

Sai ranar nan ta bazara. Muna shirin mayar da macizai huɗu aka kawo wani da mota ta kife da shi, ana neman jini da gaggawa, aka kira ni. Kafin in dawo kamyo ya iso, Agali ya riga ya sa su a buhuna ya ɗaure da kansa. Na kama masa muka ɗora. Na san nauyin buhun maciji kamar yadda innarku ta san nauyin tulunta, waɗannan kuwa sun fi haka nesa ba kusa ba. Na dube shi, yana ta magana da direba. Ban tambaye shi ba, suka tafi. Bayan kwana uku mai kula da ɗakin magani ya ce kwali guda ya ɓata, na ruwan ƙari da bandeji, irin abin da mai raunin harsashi yake bukata. Ni kaɗai na haɗa biyun a kaina, kuma har daɗi na ji, irin daɗin wanda lissafinsa ya fito.

Na gaya wa innarku. Ta ce, "Ka janye jikinka, Malam. Muna da yara, ga shi ana korar mutane daga aiki ko ba dalili." Da Agali ya dawo da sababbin macizai biyu sai na daina ci da shi, na ce cikina ne ba daɗi. Washegari ya zo mini da wani ganye a ƙulle cikin tsumma, ya ce in jiƙa in sha, uwarsa ce ke ba su in ciki ya ɓaci. Na karɓa, na yi godiya, na zubar a bayan labo don ban san me ke ciki ba.

Ba a yi sati ba aka kai hari a hanya, aka kashe mutane. Jandarmomi suka shiga bincike ko'ina, har asibiti. A firigo suka samu kwalaben gari masu alamar guba, a durowa suka samu jan karnena, shafi bayan shafi sunayen rijiyoyi da ranaku. Da hantsi aka tafi da ni. Ajidan ɗin, babban jandarman da ya zaunar da ni, mutumin yamma ne, mai sanyin murya, yana juya shafukan da bayan bik, alƙalaminsa, ya kira ni Mushe irin na Faransanci.

"Mushe Lawali, guba a kwalba, sunayen rijiyoyi a takarda. In kai ne a kujerata, me za ka ce?"

Na yi bayani gumi na zuba. Na nuna wasiƙar Bature, aka kira shugaban asibiti a waya ya gaskata. Na ce dafin maciji ko an zuba a rijiya ba abin da zai yi, sai ya shiga jini. Na yi masa har bayanin mayen ƙarfe da siffa, ya yi murmushi ya ce Turawa ba su da aikin yi. Ya rufe karnen ya turo mini. Wallahi an gama, har na ɗaga daga kujera. Sai ya tambaya, kamar wanda ya tuna wani abu maras muhimmanci:

"Buhunan nan da Buzun yake wucewa da su, wa ke ɗaurewa?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kullum?"

"Kullum. Sai dai sau ɗaya."

In da na tsaya a nan, da zan iya kallon idonku in ce gaskiya aka tambaye ni na faɗa. Amma ban tsaya ba. Ba wanda ya tambaye ni, ba wanda ya ɗaga mini hannu, na ce buhunan ranar sun yi nauyi fiye da kima, na kuma ce a satin ne kwalin ruwan ƙari da bandeji ya ɓata. Ajidan ya jawo takarda ya cire murfin bik. Shekaru na yi ina gaya wa kaina tsoro ne. Akwai tsoro, ban musa ba. Amma abin da ya fi tsoron yawa shi ne na yarda da zargina, kuma ina son a san Majo ba wawa ba ne, ya gano abin da soja suka kasa ganowa. Da la'asar suka ɗauke Agali a lambunsa yana ban ruwa, aka haɗa shi da wasu aka yi kudu da su.

Kwalin ya fito bayan sati biyu. Likita ne ya ara wa ƙaramin asibitin Akokan, maƙwabtanmu, ranar da aka yi haɗarin motar nan, ya sa takardar aron a aljihun rigar aikinsa ya manta, mai wanki ya tsinta. Kwana uku na yi ina kaiwa da komowa kafin in iya zuwa wurin Ajidan, ina tsoron kada a ce da ni aka haɗa baki. Da na je ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce takardu sun riga sun tafi, ba a hannunsa abin yake ba.

"Kuma nauyin buhun fa?" in ji shi. "Shi ma an same shi a aljihun likita?"

Na miƙe na yi masa sallama. Kuma kada in ɓoye muku, na fito daga ofishin nan ina cewa a raina ai kuwa da gaskiyarsa, nauyin fa? Macizai biyun da suka rage, shugaban asibiti ya ce a kashe, ni na kashe su, ga sunayen rijiyoyinsu a gabana ba hanyar zuwa. Na aika innarku da hatsi wurin matar Agali, aka dawo da shi ko kwance bakin ba a yi ba. Lambun ya bushe, aka ba wani. Ni kuwa korar ma'aikata ta zo ta wuce ba ta taɓa ni ba, mutane suka ce sun san dalili.

Can Bature ya rubuto, aiki ya yi kyau, za su buga sakamakon a takarda, yana tambayar yadda ake rubuta cikakken sunan mai kama macizan don ya sa a godiya. Ana buɗe wasiƙu a lokacin, ko dai haka muka ɗauka. Ban amsa ba. Da takardar ta zo na ga hoton: wani abu kamar zare da aka lanƙwasa ya fitar da yatsu uku, an zana shi sau da yawa a kan juna saboda a ruwa ba ya tsayawa cak, bakin yatsun yana ɗan kaɗawa. A ƙasa ga sunana, ni kaɗai. Abin da ya faɗa tun ran farko shi ya yi, ba bam, ba komai. Shi ma na zarge shi a banza.

An fi shekara kafin a fara zaman sulhu a saki mutane. Wata safiya ina wanke kwalabe na ji sallama a ƙofar labo. Agali ne, rawanin ya yi masa yawa. Ya miƙo hannu muka gaisa, na ji yatsunsa biyu na dama ba sa lanƙwasuwa. Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba, amma mu duka mun san hannun nan ba zai ƙara riƙe wuyan kumurci ba. Ya tambayi innarku, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Na jawo masa kujera, bai zauna ba.

"Sun karanta mini takarda naka," in ji shi. "Sau da yawa. Na haddace."

Na fara cewa kwalin ya fito, na je na faɗa, ba su saurare ni ba. Ya ɗaga hannu.

"Na ji wannan. Abu ɗaya na zo tambaya. Lokacin da ka faɗa, tsoro ne, ko ka yarda?"

Ga ƙofa a buɗe ya ba ni. In na ce tsoro, na san zai karɓa, don ya ga abin da tsoro ke sa maza su faɗa a inda ya fito. Na ce, "Na yarda, Agali." Ya kalli kofunan gilashin da ke kan kanta. Sai na ji bakina, wannan bakin dai da bai koyi komai ba, yana tambaya: to me ke cikin buhunan?

"Yashi," ya ce. "Yashi mai laima, daga lambuna. Tsumma naka yana bushe kafin rabin hanya, macizai suna isa a galabaice. Na daɗe ina so in gaya maka, na ga kana jin daɗin tsari naka, na ce kar in ɓata maka rai. Ranar ba ka nan, na yi irin namu."

Na zauna a kan kujerar da na jawo masa.

"Soja yana tsoron buhu, ban ga laifinshi ba," in ji shi. "Amma kai, Majo, duk Arlit kai kaɗai ka iya kwance shi. Hannunka yana kai. Ina tsaye kusa da kai."

Ya yi mini sallama yadda ake yi, ya ce in gaida gida, ya fita. Bayan wata biyu na ji ya kwashe iyalinsa sun koma Agadas, yana gadin wani shago. Can ya rasu. Ban je ba, don ban san da wace fuska zan shiga ba, wannan ma ku rubuta shi a kaina.

Ba na neman ku wanke ni wurin kowa. In wani ya ce ubanku ya karɓi kuɗi, ku ce ƙarya ne. In ya ce an doke shi ne ya faɗa, shi ma ku ce ƙarya ne. Ba wanda ya taɓa ni, har na miƙe zan tafi gida.